Zauren Masu Karatu: Bikin Bakin Teku da Namu na Bakin Gulbi

Assalamu alaikum. Cikin saƙonnin da suka iso mini wannan wata na ware guda biyar, domin duk ruwa ne ya haɗa su. Waɗanda suka yi tambaya kan wasu batutuwa su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Kamar kullum, na cire sunaye na bar unguwa.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwar albasa ne, ina lodi daga nan Sakkwato zuwa Gana. A watan Yuli wani abokin cinikina ya ja ni garinsu Elmina. Na tarar gari ya cika maƙil, mata cikin jirage sun sha ado, an ɗauko sarkinsu bisa kafaɗu. Na ga an jefa birgi cikin ruwa har sau uku, jama'a suka ɗauki sowa. Ban gane kome ba, kunya kuma ta hana ni yawan tambaya. Wane biki ne wannan, kuma don me mu ba mu da irinsa? Daga Mabera.

AMSA: Alhaji, Allah ya ba da kasuwa, ya tsare hanya. Sunan abin da ka gani Bakatue, ma'anarsa a harshen Fante buɗe tafki. Ranar Talatar farko ta watan Yuli ake yin sa kowace shekara. Ruwan da aka jefa wa birgin wani tafki ne mai ɗanɗanon gishiri da suke kira Benya, bakinsa a haɗe yake da teku, kuma nan jiragen garin ke kwana. Talatar ma da dalilinta. A yawancin gaɓar Gana masunta ba sa fita teku ranar Talata, rana ce ta ɗinkin taru da toshe jirgi, saboda haka kowa na gida.

Ni ma na taɓa tsayawa inda ka tsaya. Ƙanena irin sana'arka yake yi, shekarun baya ya matsa mini na bi shi. Da safe muka sha koko da ƙosai wajen wata 'yar zango mai Hausa garau kamar a Gwadabawa aka yanke mata cibi, sannan muka gangara. Baƙi na ta ɗaukar hoton tsohon ginin nan da Turawan Fotugal suka kafa a 1482, wanda daga baya ya zama matsarar bayi kafin a loda su a jirgi. Na shiga, na ga ɗakunan, na fito jikina a sanyaye. Abin da ya dawo mini da numfashi jiragen masunta ne.

Gindin kowane jirgi daga gungume guda aka sassaƙo shi, itacen da suke kira wawa, sannan a ɗora katako a gefe don ya iya da igiyar ruwa. Ba ko ɗaya da aka bari haka nan. An shafe su da ja da rawaya da shuɗi, an rubuta wa kowanne suna, ko karin magana, ko aya daga littafinsu, an kafa tutoci har da na ƙungiyoyin ƙwallo. Kai da ke bin manyan motoci ka san yadda direbobinmu ke ƙawata bayan mota da zane da rubutu, to haka ne. Mai fentin ɗan unguwa ne, ya san maigidan jirgin, ya san abin da ke cin ransa, shi ya sa rubutun ke fitowa daidai da mai shi. Haka tutocin ƙungiyoyin asafo, waɗanda asalinsu rundunonin tsaron gari ne unguwa-unguwa. A yanka ƙyalle a ɗinka siffar kada ko kifi ko giwa, kowace tuta da habaicin da take jifar wata runduna da shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen 'yan tauri suna yi wa juna kirari ba ya buƙatar tafinta.

Washegari da sassafe na bi yashi zuwa wani ƙauye kusa, na iske maza jere suna jan igiyar taru daga tudu. Ɗaya na ba da waƙa, saura na amsawa, kuma a kan amshin kowa ke ja da baya taki guda. Wani yaro na buga ƙarfe yana riƙe musu lokaci. Tsikar jikina ta tashi, domin gayyar noma ce na gani sak, gangar noma kaɗai ce babu. Da mai ba da waƙar ya tsaya shan ruwa, jan ya rikice, sai da wani ya karɓa. Can gefe ƙananan yara sun sami guntuwar igiya suna kwaikwayo, suna rera abin da iyayensu ke rerawa. A nan ake koyon waƙar, ba a wani aji ba.

Sai dai, Alhaji, abin da ya fi ado da waƙa nauyi a bikin shi ne abin da ya gabace shi. Makonni shida kafin wannan Talata an rufe Benya. Ba mai jefa taru, an dakatar da kaɗe-kaɗe, har bukukuwan jana'iza an jingine. Jifa ukun da ka gani su ne ɗage dokar, sowar da ka ji kuwa ta mutanen da suka yi haƙurin wata ɗaya da rabi ce. Su suna danganta abin da addininsu na gargajiya, wannan nasu ne. Amma ko ta fuskar sana'a kaɗai aka duba, ruwan da aka ɗaga wa ƙafa kifinsa na samun sararin girma.

Ka ce don me ba mu da irinsa. Muna da shi, kuma ba aro muka yi ba. Fashin ruwa ke nan. Mahaifiyata 'yar gidan Sarkawa ce daga wajen Silame, hutun makaranta duk wajen kawuna nake yin sa. In damina ta kankama, gulbi ya malala cikin fadama, kifi ya bi ciyawa ya zuba ƙwai. Ruwa na janyewa sai ya bar tafkuna da gurabe a cike. Nan Sarkin Ruwa zai sa musu doka, kuma ko yaro ya san wanda ya saci jiki da dare ya jefa ƙugiya, tara ce da abin kunya da zai bi gidansu. Sai sanyi ya fara ja da baya, ruwa ya ragu, a sa rana, a yi shela ranar kasuwa, ƙauyukan kewaye su ɗauro goruna da homa.

Ban manta da safiyar irin wannan rana ba. Maza jere a gaɓa, kowa ya rungumi gorarsa, ba mai taɓa ruwa. Makaɗa cikin jirgi suna zagayawa, suna kaɗa taken gida-gida. In aka taɓo taken kawuna sai ka ga kafaɗarsa na rawa, shi da ko dariya ba ya cika yi. Ana ba da izini ruwan ya koma baƙi da kawuna. Tarwaɗa, ƙarfasa, ƙurungu, balli, wanda Allah ya ciyar ya rungumo giwan ruwa a taya shi fitarwa. Mata na tudu sun hura wutar banda. Kafin kowa ya kai nasa gida an fitar da na liman, da na tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare, da na gidan da aka yi rashi. Da dare kokawa da dambe a dandali, 'yan mata na gaɗa har wata ya faɗi.

Abin da ya rage masa ƙarfi sananne ne. An gama madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo a 1984, malalar fadama ta daina zuwa yadda ta saba, tafkuna da yawa suka zama gonaki. Ba na zagin madatsun, noman rani ya rufa wa dubban gidaje asiri, wata albasar da kake lodi ma albarkar ruwan ce. Amma an yi wannan riba an bar masunta da asara ba wanda ya zauna da su. Sannan ga taru mai ƙananan idanu, har gidan sauro ake ja a ruwa a kwashe 'ya'yan kifi, ga masu zuba maganin ƙwari irin su gamalin. Maganar Sarkin Ruwa kuma ta rage kaifi a wurare da yawa. In ba a rufe ruwa ba, me za a buɗe? Makaɗi kuma taken wa zai kaɗa?

In ka sake komawa, ka ajiye kunya ka yi tambaya, ka kuma ba su labarin namu. Ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Kwalkwalawa shi ne ke bi ta Argungu da Birnin Kebbi ya faɗa Kwara, daga nan sai teku.

TAMBAYA: Muna gardama a teburin mai shayi. Ni na ce bikin kamun kifi na Argungu gwamnati ta ƙirƙiro shi don baƙi masu yawon buɗe ido, abokina ya ce tun zamanin Kanta ake yi. Wa ke da gaskiya? Daga Gawon Nama.

AMSA: Kowannenku ya kama gefe guda. Su na gayya, wato kamun kifi na taron jama'a, da wasannin ruwa da Kabawa ke kira kabanci sun girmi kowace gwamnati, gadon mutanen Kabi ne, a nan abokinka na kan hanya. Bikin da muka sani yau kuwa daga 1934 ake lissafa shi, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato tun zamanin jihadi. Aka tarbe shi da gagarumin su. Ka ga mu Sakkwatawa muna da hannu a asalinsa, kuma sulhu ne ya haife shi. Gwamnati daga baya ta shigo, ta faɗaɗa shi da baje kolin amfanin gona da kyaututtuka. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Bayan na 2009 ya tsaya cak, sai a watan Maris na 2020 aka dawo da shi.

Ku lura da abu guda: gurbin Matan Fada, inda ake kamun kifin bikin, a rufe yake duk shekara, a buɗe shi na kamar sa'a guda. Shi ya sa ake fito da giwan ruwa mai nauyin babban mutum. Daga nan zuwa Argungu kusan kilomita 100 ne. In kun je kada ku tsaya kallon rumfar manyan baƙi. Ku nemi ranar kabanci, ku ga tseren jirage da nutso da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu, ku kuma shiga gidan tarihi na Kanta ku ga kayan su na da.

TAMBAYA: Malam, a garin Shehu muke. Ashe ya dace mujalla ta riƙa yabon bukukuwan da ake yi wa ruwa yanka ana roƙon iskoki? Wani dattijo daga Ƙofar Atiku.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Tambayarka a kan hanya take, ba zan yi mata kwana-kwana ba. Yanka don wanin Allah da roƙon iskokin ruwa ba na yabonsu, ba na kira gare su, kuma ba na musun cewa an yi su a bakin gulabenmu, wasu wuraren ma da saura. Hukunci dalla-dalla na malamai ne, su za a nufa. Roƙona kawai a tsince tsakuwa daga shinkafa, kada a kifar da kwanon gaba ɗaya. Hana kama kifi lokacin da yake ƙwai, da fitar da rabon maraya, da tseren jirgi, da waƙar da ke ƙarfafa mai aiki, ban ga abin ƙi a cikinsu ba. A garin kawuna, iya wayona, liman ne ke buɗe ranar su da addu'a, kuma azahar na yi ake fitowa a yi jam'i a kan yashi.

Akwai Musulmi masunta a gaɓar teku da suka bi wannan hanya. A Epe ta jihar Legas, garin da ya yi suna da kasuwar kifi, ana bikin Kayo-Kayo a watan Muharram. Suna tunawa da saukar Sarki Kosoko garin a 1851 bayan Ingilishi sun fitar da shi daga Ikko, suna kuma haɗa shi da Ashura. Ma'anar sunan a Yarbanci a ci a ƙoshi, wato cika-cikinmu ke nan ba ragi. A tsibirin Lamu na ƙasar Kenya, inda jaki ne abin hawa, taron Maulidi na masallacin Riyadha, wanda Habib Saleh ya kafa, yana tafe da gasar karatun Alƙur'ani da tseren jirage masu tafiya da iska da tseren jakuna da ninƙaya. Na san malamanmu sun saɓa kan Maulidi, ba wannan ƙofa nake son buɗewa ba. Abin da nake nunawa shi ne mutanen ruwa sun sami yadda za su riƙe sana'arsu da murnarsu ba tare da sun saki sallarsu ba. Haka masuntan Saint-Louis a Senegal, Musulmi ne, kuma tseren dogayen jiragensu masu zane ya shahara.

Inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari, Baba, shi ne abin da ke shigowa taro yanzu da sunan biki: ƙwaya, da cakuɗuwar da ba ta da kan gado, da lasifikar da ke danne kiran salla. Wannan ba gadon kowa ba ne. Kuma na lura ya fi yawa a inda dattawa suka janye jiki suka bar wa yara filin. Da irinku za ku zauna a gaba, da yawa ba za a yi ba.

TAMBAYA: Baba Malam, ni malamar firamare ce a wani ƙauye na bakin gulbi cikin ƙaramar hukumar Kware. An ɗora mini shirya ranar al'adu. Bara hayar lasifika aka yi, aka sa waƙoƙin fim, yara suka yi rawa aka watse. Raina bai so ba, amma ba mu da kuɗin yin wani abu. Ina zan fara?

AMSA: 'Yata, Allah ya yi miki albarka da ranki bai so ba. Ki fara da kakannin yaran, su ba haya ake ɗauko su ba. Tun yanzu ki ba kowane yaro aikin gida: ya je wajen kakarsa ko kakansa ya kawo sunayen kifi goma, da waƙa ɗaya ta daka ko niƙa ko raino, da kirarin gidansu in suna da shi. Za ki sha mamakin abin da zai dawo. Na yi shekaru ina koyar da Hausa, kuma duk sanda na ba da irin wannan aiki sai na sami kalmar da ban taɓa gani a ƙamus ba. Ki rubuta su a babban littafi guda, kowace da sunan wanda ya bayar da garinsu. Kafin ranar taro kin riga kin ci rabin riba.

Sannan ki je da kanki, tare da shugaban makaranta, ku gai da hakimi ko mai gari da Sarkin Ruwa. Kada ki aika takarda. Ki roƙi a ba ki mai saƙar homa, da gyartai, da masassaƙin jirgi in akwai, su zo da kayan aikinsu su zauna ƙarƙashin itace suna yi yara na kallo suna taɓawa. Yaron da ubansa masunci ne, wanda kullum ake ce masa yana ƙarnin kifi, ranar nan zai ga an shimfiɗa wa sana'ar gidansu tabarma a makaranta. Wannan kaɗai ya isa dalilin taron.

'Yan mata su yi gaɗa, iyaye mata su zo da shantu da ƙwarya, a kifa ta cikin ruwa a kaɗa yadda ake yi a gidan biki, a keɓe musu wurinsu don su sake. In wani ya ce miki waƙar mata ba abin kawowa makaranta ba ce, ki tuna masa Nana Asma'u 'yar Shehu da waƙa ta karantar da matan ƙauyuka, malamai mata da ake kira jaji na ɗaukar baitoci daga wajenta suna kai wa 'yan taru, wato matan da ke ɗaukar karatun. Ki sa 'yan aji shida su haddace baitocin wa'azi ko na tarbiyya su buɗe taron da su. Maza kuwa langa da kokawa, sannan ki sa su sassaƙa ƙananan jirage da karan dawa, kowa ya yi wa nasa ado ya raɗa masa suna, a jera a zaɓi gwani.

Abu ɗaya nake gargaɗinki da shi da babbar murya: kada yaro ko ɗaya ya shiga gulbi da sunan wannan taro. Mun binne yara da yawa a jihar nan sanadin kifewar jirgi. In ana son nuna yadda ake yin su, manya su nuna a tudu da gora da homa.

Ki zaɓi lokaci bayan an kai amfani gida, ki kauce wa ranar kasuwa, a tashi kafin la'asar. Ɗan abin da za a tara, a sayi goro da sabulu a sallami tsofaffin da suka zo, ya fi a ba mai lasifika. Ki sami mai waya mai kyau ya ɗauki muryoyin, kowace tsohuwa ta fara faɗin sunan waƙar da wajen wanda ta koya. Kuma ki fara wannan makon, ba a fafe gora ranar tafiya.

TAMBAYA: Baba Malam, tsohona makaɗin masunta na, can ƙasar Goronyo. Allah ya yi mai rasuwa bara waccan, ya bar muna ganga biyu da kalangu guda. Rashin tsaro ya sa munka taso munka dawo birni, yanzu kabu-kabu nika yi. Wani mai sayen kayan da ya taya su da kuɗɗi masu kauri. Inna ta ce kar in sayar, ni kuwa kuɗɗin haya na bisa kaina. Na iya kiɗin kaɗan, amma ba mai kira na. Mi za ni yi? Daga Gidan Igwai.

AMSA: Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta, ya kuma mayar da ku gida lafiya. Na karanta saƙonka sau uku. Ba zan ce maka kuɗin haya ƙaramin abu ne ba, wanda aka taɓa yi wa sallama da sassafe a kan haya ya san zafinsa. In ka sayar ba ka yi abin kunya ba. Sai dai gangunan nan gado ne, Inna na da haƙƙi a ciki, 'yan'uwanka ma haka, don haka ba kai kaɗai za ka yanke ba.

Kafin ku yanke kome, ga abin da nake roƙonka. Abin da mai sayen kayan da zai ɗauka kango ne da fata da tsarkiya, kuma waɗannan masassaƙi na iya yin wasu. Abin da ba mai iya sassaƙawa shi ne abin da ke kan tsohonka: taken kowane gidan masunta na yankinku, wane ake kaɗa wa wane, wane kirari ke biye da shi, wane ake kaɗawa in an kama babba, wane in wani ya daɗe bai ɓullo daga nutso ba. A ƙasar Hausa kowace sana'a da kiɗanta, mahauta da kalangu, maƙera da dundufa, manoma da gangar noma, sarakuna da kotso da taushi da tambari. Na fada ya sami gata, an ɗauka a faifai, ana sa shi a rediyo, ɗalibai na nazarinsa. Na masunta kuwa a bakin ruwa yake rayuwa, in taron su ya mutu sai ya bi shi. Yanzu da mutanen gabashin jihar nan ba sa iya taruwa da dare, wasu ma ba sa iya kwana garuruwansu, abin da ya rage yana kan mutane irinka da Inna.

Ina faɗa maka wannan ne da ciwo a raina. Makaɗin garin kawuna na taɓa zaunar da shi wuni guda na ɗauke shi a kaset, take bayan take, yana kaɗawa yana faɗin mai shi. Na zuba kaset ɗin cikin adaka na ce sai na sami lokaci in rubuta. Zafin Sakkwato ya narkar da zaren ya manne. Ran da na buɗe, shi ya daɗe da rasuwa. Cikin abin da ya kaɗa mini ranar nan, uku kaɗai nake iya tunawa, ɗaya na kawuna ne.

Saboda haka ka ɗaure kalangun, ku zauna da Inna bayan isha'i. Ka kaɗa duk abin da hannunka ya riƙe, ko rabi ne, ita ta faɗi mai taken da garinsu. Matar makaɗi ta sha jin su fiye da kowa, za ta gyara maka inda ka kauce. Ka ɗauka a waya, ka tura wa mutum biyu ko uku don kada ya tafi da wayar. Gangunan kuma ka rataye su, kada su kwana ƙasa, gara da ɓera da laima ne abokan gabarsu.

In matsin ya kai inda ba makawa, shawarata ku saki ganga ɗaya ku riƙe ɗaya da kalangun. Kuma kafin ka miƙa wa wanda zai kai ta inda ba mai sake kaɗa ta, ka leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu da Cibiyar Nazarin Hausa ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ka gaya musu abin da ke hannunka. Ban yi maka alkawarin kuɗi daga wajensu ba, amma can ne ake da masu sanin darajar abin.

Batun ba mai kiran ka kuwa, ai ba wanda ya san kana nan. Mutanen yankinku da suka taso kamar ku suna cikin birnin nan, suna suna, suna aure, kuma na tabbata akwai dattijon da zai zubar da hawaye in ya ji taken gidansu a Gidan Igwai. Ga masuntan Kwalkwalawa kusa da kai. Ga kuma malamar Kware da na amsa wa a sama, tana neman abin da za ta nuna wa yaran bakin gulbi, na riga na tambaye ta ta ce tana maraba da kai, makarantar za ta ɗauki nauyin man mashin.

Lambarka na wajena. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan kira ka ka zo ka ɗauke ni, zan taho da littafi da alƙalami. Ka gai da Inna, ka ce mata ta fara tuno sunayen tun daga gidan Sarkin Ruwa.